Yayana bai taɓa shan taba ba, amma ciwon daji ya ɗauke shi: me za mu canja a gida?

Mai tambayar malamin makaranta ne a Tudun Wadan Zariya. Ya ce yayansa ya rasu bayan babbar Sallah yana ɗan shekara 46, likitoci suka ce ciwon daji ne a hanta. Mutum ne da bai taɓa sa sigari a baki ba, balle giya. Tun daga nan gida ya rikice: uwargida ta daina sa magi a miya, an hana yara kwana da waya kusa da kai, wata gwaggo kuma ta kafe cewa sammu ne. Shi ne yake tambaya ko da gaske yadda mutum ke rayuwa yana jawo wannan ciwo, ko kuwa ƙaddara ce da gado kawai. In akwai abin canjawa, mene ne?

Malam, Allah ya jiƙan yayanka, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi.

A matsayina na likita, zan fara da abin da ba ka tambaya ba, don ya fi sauran gaggawa. Cikin makon nan ka je a ɗebi jininka a gwada ko kana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Kai, da duk wanda kuka fito ciki ɗaya da marigayin, da matansa, da 'ya'yansa, da mahaifiyarku in tana raye. A ƙasar nan, idan magidanci ɗan shekara arba'in da 'yan kai ya zo da dajin hanta, wannan ƙwayar ce likita ke fara zargi, kuma galibi zargin kan tabbata. Binciken da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 ya gano kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita. Ka ƙirga sahun masallacin unguwarku: a duk mutum goma sha biyu, kusan ɗaya. Akasarinsu garau suke jin kansu, don ƙwayar tana iya shekara talatin tana cin hanta ba ciwon kai ba zazzaɓi.

Dalilin da na sa 'yan uwa a ciki shi ne, a wajenmu yawanci tun ana yaro ake ɗaukarta, ko daga uwa a wurin haihuwa, ko daga jinin wani yaro. Jaririn da ya kamu, tara cikin goma za su zauna da ita har girma. Babba in ya kamu, jikinsa kan kore ta, waɗanda take zaunar wa ba su kai biyar cikin ɗari ba. Ba a ɗaukarta ta gumi, ko musafaha, ko cin tuwo a kwano ɗaya, kada ku ƙyamaci kowa. Ta jini take bi, da kuma saduwa. Tana iya kwana bakwai da ranta a bakin aska. To ka tuna inda aska ɗaya ke bi ta kan mutane da yawa: askin suna, cire beli, kaciyar yara a jere lokacin sanyi, ƙaho, tsaga, da yaran nan masu yawo da almakashi suna yankan farce a bakin kasuwa. Ni ba na faɗa da wanzamai, sana'arsu ta girme ni. Ina dai cewa duk wanda zai zauna gaban wanzami ya riƙe sabuwar rezarsa, ya ga an ɓare ta a gabansa. Mutane in an ce "halin rayuwa" sai hankalinsu ya tafi ga cin abinci da motsa jiki. A Zazzau, reza ta kuɗi kaɗan tana cikin manyan halayen da ke raba mutum da dajin hanta.

Wanda gwaji ya nuna ba shi da ita, allurar rigakafi sau uku ce, shi ke nan. Nijeriya ta sa wannan allura cikin rigakafin yara tun 2004, kuma ta farko ana son a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Nan ne muke faɗuwa, don matan da ke haihuwa a gida ba a fita da jariri sai bayan suna. Ƙasar Taiwan ta fara yi wa jarirai allurar a 1984, kafin yaran su girma an ga dajin hanta ya ragu ƙwarai a cikinsu. Wanda kuma gwaji ya nuna yana da ita, ba hukuncin mutuwa ba ne. Likita zai duba ko yana bukatar magani, akwai ƙwaya ɗaya a rana da ke danne ta, sannan a riƙa ɗaukar hoton hanta duk wata shida. Sai ya nisanci giya da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, don duk abin da aka haɗiye hanta ce ke dakonsa.

Yanzu batun ƙaddara da gado. Kai malami ne, ka san yadda ɗalibi ke kwafar darasi daga littafin wani, wani kuma ya kwafa daga nasa, kafin a kai na goma an sami kalmar da ba kai ka rubuta a allo ba. Ƙwayoyin halittar jiki haka suke, kullum suna kwafar kansu, kullum ana samun 'yan kurakurai, jiki yana gyara mafi yawa. Ciwon daji yana tashi ne in kurakurai suka taru a ƙwaya ɗaya har ta daina jin umarnin tsayawa. Shi ya sa tsufa ya fi komai jawo shi, kwafi ya yi yawa. Wani an haife shi da kuskure tun a littafin farko, wannan ne gado, kuma bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na masu ciwon ba. Hayaƙin taba, giya, gubar abinci da wasu ƙwayoyin cuta kuwa, aikinsu su ƙara yawan kurakuran. Saboda haka za ka ga wanda ya kiyaye komai ya kamu, ka ga tsohon da ya shekara hamsin yana zuƙa ya mutu da wani abu daban. Wannan bai ƙaryata lissafin ba, kamar yadda direban da ya yi gudun ganganci daga Kwangila zuwa Kano ya isa lafiya bai nuna gudu ba ya kisa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na ciwon daji ana iya kauce masa. Ragowar ba a iya ba. Don haka kada wani a gidanku ya ɗora wa marigayi laifi, ko ya ɗora wa matarsa da girkinta. Ajali na Allah ne, riƙo da sababi kuma umarni ne.

Abu na biyu da ke haɗa kai da ƙwayar hanta yana cikin rumbu. Masara da gyaɗa in ba su bushe sosai ba, ko aka jibge su inda danshi yake, sai su yi fumfuna. Wani nau'in fumfunar yana fitar da guba da ake kira afulatoksin. An gano ta ne a 1960, lokacin da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Birazil. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masara, waɗannan da yawa suka ci a lokaci guda. Mu tamu kaɗan-kaɗan ce, shekara da shekaru, kuma hanta take nufa kai tsaye. Mai ɗauke da ƙwayar nau'in B in yana cin wannan guba, haɗarinsa na iya ninka na wanda gubar kaɗai yake ci har sau 30. Abin takaicin, wuta ba ta kashe ta. Ka dafa, ka soya, ka gasa, tana nan.

Ka lura da yadda muke yi. Mai kyau a kai kasuwar Giwa, ko a ajiye iri. Wadda ta yamutse, ta yi baƙi, ta huje, ita ce ake ragewa gida, a ce ai in an niƙa ba a ganewa. Ita ke tafiya ƙuli-ƙuli, da yajin tsire, da kunun gyaɗar da ake ba mai jego da yaron da ake yayewa. Na sha tambayar mata a ɗakin duba marasa lafiya me suke yi da gyaɗar da suka tsince, amsar kusan ɗaya ce: ai ba a zubar da abinci. Gaskiya ne ba a wulaƙanta abinci, amma wannan ta tashi daga abinci. Kuma kada a ba saniya ko akuyar da ake tatsa, don gubar tana fitowa a nono. Gyaran ba ya cin kuɗi sosai. A girbe a kan kari, kada a bari ruwan ƙarshen damina ya daki amfanin a ƙasa. A shanya a kan tamfol ko daɓe, ba a kan turɓaya ko gefen kwalta ba, har sai ƙwaya ta yi ƙas a haƙori. A ɗora buhu a kan katako, nesa da bango. Buhun nan mai ninki uku da ba ya shan iska yana hana ƙwari ba tare da an zuba fiya-fiya ba, amma sai hatsin ya bushe kafin a ɗure. Kafin niƙa a zauna a tsince, a surfa, a wanke, abin da ya taso saman ruwa a zubar. In kuna noma, akwai Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar: ƙwayar dawa ce mai launin shuɗi, ana watsa kilo 10 a hekta mako biyu zuwa uku kafin amfani ya yi fure, tana rage gubar da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Kuna zaune kusa da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ku tambayi malaman gona.

Taba ba sai na daɗe a kanta ba tunda ka ce marigayin bai taɓa sha ba, amma kana da ɗalibai. Hayaƙinta yana ɗauke da sinadarai kusan 70 da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, kuma ba huhu kaɗai ba: baki, maƙogwaro, mafitsara, hanta, har bakin mahaifa. Wani bincike a Ingila ya bi likitoci maza kusan 34,000 daga 1951 zuwa 2001, ya gano mashaya suna rasa kusan shekara 10 na rayuwa. Wanda ya bari yana ɗan 30 ya tsira da kusan duka, ɗan 50 ya tsira da shekara 6, ɗan 60 ma ya sami 3. Abin da ke damuna yanzu shisha ce, don 'yan mata da samarin da ba za su taɓa riƙe karan sigari ba suna zuƙarta, wai ruwa yana tace hayaƙin. Ba ya tacewa. Zama ɗaya na awa guda, yawan hayaƙin da ke shiga ƙirji yana iya kai na kara 100, ga na gawayi a kai. Taba gari da tsofaffi ke dannawa a leɓe ita ma tana cin baki. Giya kuwa, ta kwalba ce ko burkutu, an danganta ta da ciwon daji aƙalla iri bakwai, ciki har da na mama.

Uwargida da ta daina sa magi, ka gaya mata na yaba da kulawarta, amma an bar jaki ana dukan taiki. Babu hujjar cewa magi yana jawo ciwon daji. Matsalarsa gishiri ne da hawan jini, a rage saboda wannan. Waya ma manyan bincike ba su ga ta ƙara dajin ƙwaƙwalwa ba, haka sa kuɗi ko waya a rigar mama. Abin da zai amfane ta ya fi wannan. A ƙiyasin 2022, Nijeriya tana samun sabbin masu ciwon daji sama da 120,000 a shekara, kusan 80,000 suna rasuwa, kuma sankarar mama ce a gaba, sai ta maza da ke kama ƙullin nan na ƙarƙashin mafitsara da ake kira furosteti, sai ta bakin mahaifa. Ta bakin mahaifa ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ana kiranta HPV, ta hanyar saduwa. Ba alamar lalata ba ce, mace tana iya samunta daga mijinta na sunna, shi ma bai san yana da ita ba. Fara saduwa da ƙuruciya da yawan auri-saki suna ƙara haɗuwa da ita. Tun watan Oktoban 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinta kyauta, sau ɗaya tak, kuma tana tare nau'o'in da ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na wannan ciwo. Na ji raɗe-raɗin cewa tana hana haihuwa. Ƙasashe sun fara yin ta tun 2006, 'yan matan farko sun yi aure sun hayayyafa. Abin da na gani da idona yana raba mace da haihuwa shi ne ciwon kansa, in ya kai ga cire mahaifa. Matar da ta kai shekara 30 kuwa gwajin bakin mahaifa take bukata, na minti kaɗan ne. Jinin da ke zuwa bayan saduwa, ko bayan al'ada ta ɗauke, kada a tsaya ga tambayar hukuncin sallarsa wurin malam kawai, a haɗa da zuwa asibiti.

Akwai abin da matanmu suka riga Turawa: doguwar shayarwa. Kowane wata 12 da mace ta shayar yana rage haɗarin sankarar mama da kusan kashi 4 cikin 100, kuma yana taruwa. Su riƙe wannan.

Ƙiba kuma sai mun sake tunani. Namiji ya ajiye tumbi a ce ya samu, amarya ta cika a ce tana jin daɗin gidan miji, har wasu na sayen ƙwayoyin sha-ka-fashe. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta lissafa iri 13 da ƙiba ke ƙara haɗarinsu, ciki har da na hanji, hanta, mahaifa da mama bayan ɗaukewar al'ada. Sukari ba shi ke zama ciwon ba, ta hanyar ƙiba yake bi, kuma lemon kwalba ya fi komai saurin kai mutum can. Minti 150 na tafiya mai ɗan sauri a mako ake nema, wato rabin awa kwana biyar. Daga Tudun Wada zuwa Ƙofar Doka ba sai ka tare ɗan acaɓa ba. Abincinmu na asali, gero, dawa, wake, zogale, rama, kuka, shi ne abin da ake gaya wa mutanen Turai su koma ci don kare hanji, mu kuma muna gudunsa zuwa farin burodi da taliyar leda.

Nama ba haram ba ne a likitance, yawan ne. A 2015 cibiyar ta Liyon ta ce cin giram 50 na naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi kullum yana ƙara haɗarin dajin hanji da kashi 18 cikin 100. Kilishi yana cikin wannan aji, amma wa ke cin kilishi kullum da wannan tsada? Tsire da balangu, a yanke inda ya ƙone ya yi baƙi. Gandar da aka babbake da taya kuwa, in ka sani, ka bar ta. Shayi ko koko mai zafin da ya haura digiri 65 yana ƙona maƙoshi, ka bar mai shayi ya yi ta sheƙa shi, ba yanga yake yi ba. Madafa ta sami taga, don hayaƙin itace mata ne ke shaƙarsa. Yaron da ke wanka a Kubanni ko Galma ko kududdufi, in ya fara fitsarin jini, tsargiya ce ba alamar balaga ba. Magani na yini ɗaya ne, in an bar ta shekaru tana iya zama dajin mafitsara. Zabiya kuma rana ce abokiyar gabarsa, a nema masa malafa da doguwar riga tun yana ƙarami.

Saura hali ɗaya, wanda a ganina ya fi kilishi da magi da waya kashe mutanenmu in an haɗa su duka: jinkiri. Kowa a Zariya ya taɓa jin cewa daji ba ya son ƙarfe, in allura ko wuƙar likita ta taɓa shi sai ya watsu. Na san inda maganar ta samo asali. Mace ta ji ƙulli kamar ƙwayar gyaɗa a mamanta, ba ya zafi, ta yi shiru. Bayan wata shida a fara shafe-shafe da turare. Sai ya fashe yana wari sannan a ɗauko ta, a lokacin ya riga ya shiga huhu da ƙashi. A yi aiki, ta rasu bayan wata uku, dangi su ce ai ƙarfe ne ya taɓa shi. Wadda ta zo da wuri aka cire, ta warke, ba ta shelar cewa an yi mata aiki a mama, don haka unguwa ba ta jin labarinta. Ina da irinsu da ke zuwa min da jikoki. Mafi yawan waɗanda muke gani kuwa sai ciwo ya kai mataki na uku ko na huɗu suke isowa.

Ƙulli a mama ko hammata ko wuya, gyambon da ya ƙi warkewa, rama ba dalili, jini a bayan gida da ake ta kira basir, tari ko dashewar murya da suka wuce mako uku, abinci yana tsayawa a maƙoshi, fitsari yana wahalar fita ga dattijo: yawancinsu in an duba ba ciwon daji ba ne, amma dubawar ce ke rabewa. Ku a Zariya ba ku da uzurin nisa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen ciwon daji da na gasa ciwon da hasken na'ura, mutane daga jihohi da dama nan suke zuwa. Kuɗin jinya yana da nauyi, ba zan ɓoye maka ba. Akwai asusun tallafi da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 don masu sankarar mama, bakin mahaifa da furosteti marasa ƙarfi, Shika na cikin asibitoci shida na farko, ana tambaya a wurin ma'aikatan jin daɗin marasa lafiya.

Gwaggo kuwa, kada ka yi musu da ita, ba za ka ci nasara ba, kuma cikin jimami take. Ta ci gaba da addu'arta, kowa yana bukata. Ka dai ce mata likita ya ce a duba jinin 'yan gida duka, ka sa ta a mota tare da ku. Ka nemo katin rigakafin 'ya'yan marigayi ka duba ko an yi musu ta hanta, wanda katinsa ya ɓata a gwada shi. In akwai mai juna biyu a gidan, ita za a fara dubawa, kuma a shirya tun yanzu wanda zai kai jaririn asibiti a ranar da aka haife shi, ko da a ɗaki aka haihu.